Ranar Da Na Sa Aka Binne Bijimin Baffansa

Wata baiwar Allah ta turo mini saƙo shekaranjiya, wai: "Anti Zamzam, don Allah da gaske a shagon nama kike wuni? Shi saurayin naki ba ya jin ƙarni?" To ke mai tambaya, gyara zama, yau ranarki ce. E, a shagon nama nake wuni. Ni 'yar mahauci ce, jikar mahauci, kuma da kin ga yadda nake ɗaura atamfa in ɗora farar rigar aiki a kai, wallahi da kin yi sha'awar riƙe wuƙa. Batun ƙarni kuwa, akwai sabulu a Kafanchan.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Zamzam, shekarata ashirin da huɗu. Babana, Malam Hussaini, yana da shagon nama a unguwarmu, can gangaren layin dogo. Yayyena maza biyu sun gudu Abuja, wai sana'ar ba aji, suka bar tsoho da wuƙaƙensa. Ni da na gama difiloma na dawo na tarar ana shirin rufe wurin da ya ciyar da mu, sai na ce ba a gabana ba. Na sa aka manna farin tayil, aka kewaye tagogi da raga saboda ƙuda, na juya fuskar sikeli tana kallon mai saye. Yanka da fiɗa aikin maza ne, Baba da ƙaninsa da muke kira Baba Ƙarami. Tebur da waya da bakin magana kuwa nawa ne. Na san Malama Doreen ba ta son kitse ko ɗigo. Na san haƙoran Fasto Gilbert sun riga shi yin ritaya, don haka tsokar gadon baya nake ajiye masa. In mace ta turo oda ta waya, sai na ji me za ta dafa kafin in sa wuƙa.

Baba yana da wata doka da ya gada wurin nasa uban. Duk dabbar da aka yanka, huhunta da hantarta ana rataye su a ƙugiyar gaba inda kowa zai gani, ba a sayar da su sai bayan azahar. Cewa yake fata da tsoka suna iya rufa wa dabba asiri, amma cikinta ba ya yi mata ƙarya. Shi ya sa daga unguwar Takau har Katsit, da Musulmi da Kirista, mutane ke tsallake tebura goma su zo namu.

Mutumin nawa kuwa, Jamiluddeen, ɗan kasuwar citta ne, kuma da faɗa muka fara. Ya dawo mini da nama a kula, yana huci, wai na sayar masa da tayar mota. Na buɗe na ga naman ƙwauri ne mai jijiya, wanda shi da kansa ya nuna jiya ya ce ya san abin da yake so. Abin da ake yi wa dahuwar awa biyu, shi bawan Allah ya jefa a mai ya soya. Na yi dariya har na dafa tebur, na canza masa, na rubuta masa yadda ake dafawa. Washegari ya dawo. Jibi ma ya dawo. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan gwauro yana sayen naman gidan mutum goma.

Inda gizo ke saƙar shi ne danginsa. Mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifin, Alhaji Zubair, shi ne waliyyi. Tsofaffin 'yan kasuwar garin nan ne, masu ji da asali. Ranar da ya fara jin sunana cewa ya yi, "Duk 'yan matan Kafanchan ka rasa wa za ka ɗauko sai 'yar mahauta?" Wata takwas Jamil yana kai gwauro yana kai mari kafin Alhaji ya sauko. Da ƙyar da jiɓin goshi aka tsayar da wata Lahadi, bayan la'asar, za su zo gidanmu neman aurena.

Litinin ɗin makon aka yi wa Baba aikin yanar ido. Aka naɗe masa ido ɗaya da auduga, ɗayan kuma dama bishi-bishi yake gani da shi, likita ya ce kada ya kuskura ya shiga rana. Ga shi Mama Afiniki ta riga ta ba mu aikin bijimi guda na bikin 'yarta Jacinta, ranar Asabar. Mama Afiniki ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma tun ina rarrafe a ƙarƙashin tebur take sayen nama wurin Baba. Shi kuma bai taɓa yarda wani ya zaɓo masa dabba a kara, kasuwar shanu, ba. Da ƙafarsa yake zuwa, ya duba hanci, ya shafa wuya, ya tsaya sai ya ga ta yi tuƙa.

Ranar Laraba sai ga Alhaji Zubair ya zo dubiya, karo na farko da ya taka gidanmu. Ina bayan labule da faranti ina jin su. Da ya ji damuwar Baba sai ya yi wata 'yar dariya ta manya.

"Haba Malam Hussaini, wannan ma abin damuwa ne? Ina da garke a Godogodo. Gobe za a kawo maka bijimi, gudunmawar jinya ce. Ai mun kusa zama ɗaya."

Baba ya yi ta godiya, amma na ji muryarsa ba ta saki ba. Innata, Asibi, kuwa har rawa ta taka a madafa. "Kin gani ko? Bijimi sukutum! Mutumin da ya ce ba ya son mu! Ke dai ki kama bakinki har Lahadi, don na san halinki."

Alhamis da yamma aka sauke shi a filin bayan shago. Tubarkalla, fari tas, ga tozo, ga ƙaho. Na ɗauki hotonsa na tura wa Jamil, ya amsa: "Kin ga baffana in ya so mutum." Ina tsaye bijimin ya sunkuyar da kai ya yi wani tari mai zurfi, sau biyu. Baba Ƙarami ya ce ruwan sama ne ya dake shi a mota. Na so in yarda, don haka na yarda.

Juma'a ƙarfe bakwai na safe na iso. An riga an yanka an feɗe, cinyoyi da karfata suna rataye, jawur. Na wanke hannu na jawo bahon kayan ciki. Ga tumbi, ga hanji, ga ƙoda, ga hanta.

"Baba Ƙarami, ina huhu?"

Ya ci gaba da wasa wuƙa kamar bai ji ba.

"Baba Ƙarami."

"Kare ya ja."

"Wane karen? Shekara nawa muna yanka a nan, kare bai taɓa tsallake katangar nan ba."

Na juya haƙarƙarin na leƙa ciki. An kankare shi ƙal, har fatar nan mai sheƙi da ke shimfiɗe a ciki an ɗaye. Ba a kankare haƙarƙarin dabba mai lafiya. Na dube shi, ya dube ni, sai ya sauke numfashi ya je bayan tanki ya jawo wani buhu.

'Yan'uwa, na sha ganin huhu, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ƙulli-ƙulli ne ko'ina, wasu kamar ƙwayar gyaɗa, wasu sun fi. Na tsaga ɗaya, wuƙa ta yi ƙarar yashi, wani abu rawaya mai kauri ya fito. Na sake duba hantar, na ga biyu a ƙasanta da ya manta bai ƙwaƙule ba. Tun ina 'yar shekara goma Baba ya nuna mini hoton wannan a wata tsohuwar kalanda, ya ce in na gan shi kada in tsaya shawara. Tarin fuka ne na shanu, kuma ya bazu a jiki.

"Saboda ke na yi," in ji Baba Ƙarami, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Naman biki ne, wuta za ta ci shi. A tafasa, a soya, wa zai sani? Ki yi tunani, 'yar nan. Kyautar mutumin ce. Jibi zai zo neman aurenki. In kika ce dabbarsa ba ta ciwuwa, kin mare shi a tsakiyar kasuwa."

"Matan da za su yayyanka shi ɗanye da hannunsu fa? Masu gasa tsire da ke cirewa da jini-jini fa?"

"Allah ne mai tsarewa."

"Shi ya ba mu ido ai."

Na faɗa da ƙarfin hali, na juya. Na shiga shago na rufo ƙofa na zauna a kan firiza. Kada in yi muku ƙarya, na yi tunanin yin shiru. Na tuna leshin da ke wurin tela, na tuna wata takwas ɗin Jamil, na tuna yadda yake kirana Hajiyar Sikeli. Ina son yaron nan, so na gaske, wanda ke hana ni cin abinci. Na ɗauki hoton huhun na tura masa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira.

"Mene ne wannan?"

"Cikin bijimin Baffa."

"Kin tabbata?"

"Zan kira Dakta Patrick ya tabbatar."

"Zam, tsaya. Kada ki kira likita. In ya zo, zance ya fita. Ki ba ni awa biyu in san yadda zan yi, a kwashe naman a ɓoye, a ce—"

"A kwashe a kai ina? Nama ba ya ɓata a garin nan, Jamil. In ya bar hannuna da rai, yamma na yi yana kan teburin wani."

"Kin san me Baffa zai yi."

"Na sani."

"Kuma duk da haka?"

"Da za ka ci?"

Na katse kiran, na kira Dakta Patrick, likitan dabbobin da ke duba mana nama, don sauri har na danna lambar Malama Doreen da farko.

Kafin ya iso sai ga Mama Afiniki da mata huɗu 'yan zumunta, da manyan robobi da wuƙaƙe naɗe a zani, suna tafe suna waƙar coci. Ta rungume ni tun daga ƙofa, tana magana da Hausarta ta koyo.

"Yarinya na! Yaya idon Baba naka? Ina nama na? Yau akwai aiki o!"

Na ja hannunta zuwa baya, na buɗe buhun. Ba na iya kwana-kwana, na gaya mata komai. Ta daɗe tana kallo, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu! Mutum ɗari huɗu, Zamzam. Dangin miji suna hanya daga Kagarko. Gobe gobe ne fa."

"Na sani, Mama. Amma ba zan ba ki wannan ba, ko da wuƙa a wuyana."

"Da ka yi shiru, da ni ban sani ba."

"Da ni na sani."

Ta zauna a kan benci. Matan suka yi cirko-cirko. Can ta ɗago ta ce, "Ba wannan ne na surukin ka ba? Wanda Asibi ta ce mini ya ba da kyauta?" Na gyaɗa kai. Ta dube ni wani irin kallo, ta jawo ni ta zaunar kusa da ita.

Dakta Patrick ya zo a babur ɗinsa, ya sa safar hannu, ya tsattsaga ƙulle-ƙullen wuya da na cinya. Bai ɗauki minti goma ba ya ce, "Duka za a binne. Ko wutsiya kada a cire." Ya sa aka nemo masu haƙa rami da jarkar kananzir.

Ana cikin haƙa motar Alhaji Zubair ta tsaya. Ban san wa ya kai masa ba, amma zancen duniya ba ya ɓuya, balle a layinmu. Ya fito cikin shadda ruwan toka ta zuwa masallaci, mutane sun riga sun cika bakin katanga. Na durƙusa har ƙasa.

"Barka da zuwa, Alhaji."

"Ke ce kika ce dabbata mushe ce?"

"Ban ce mushe ba, Alhaji. Ciwo ne a cikinsa, ba mai gani daga waje. Ga likita nan, ga huhun."

Ko kallon buhun bai yi ba. "Ina ubanki?"

"Yana gida, ba ya fita."

"Shi ya sa. Gida ba babba." Ya rage murya, ya matso. "Saurara, yarinya. Ki ce wa mutanen nan an yi musanya a hanya, ba daga garkena ya fito ba. Ki bar kaza cikin gashinta. Sai mu ga juna ranar Lahadi."

Kun ji fa. Ƙofa ce ya buɗe mini, kuma wallahi na gan ta. Kalma biyar kawai. Amma direban da ya kawo bijimin yana tsaye a wurin, talaka mai 'ya'ya, shi za a ce ya yi musanyar. Sannan akwai sauran shanun da ke shan ruwa a kwami ɗaya da wannan, da matan da ke tatsar su.

"Alhaji, ka yi mini rai. Ba zan iya faɗin abin da ba haka ba. Kuma don Allah a kai likita ya duba sauran garken, saboda masu shan nonon."

Na ji wata mata ta ja numfashi a bayana. Fuskar Alhaji ta canza. Ya gyara hula, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Dama an gaya mini. Wanda ya tashi cikin jini ba ya sanin girman mutane." Ya shiga mota.

Aka tura naman rami, aka kwarara kananzir, aka rufe. Ina tsaye har aka daddale ƙasar, don na san halin mutanenmu. Sai da na juyo na ga Baba Ƙarami ba ya nan. Na ce shi ke nan, ya yi fushi ya tafi.

Ashe kwata ya nufa, mayankar gari, wurin Sarkin Fawa. Mu mahauta ana raina mu, amma muna da abin da masu shadda ba su da shi: in wuƙar ɗaya ta karye ranar aiki, sauran ke yanka masa. Kafin a sauko daga Juma'a sai ga Keke Napep ta farko da cinya guda. Ta biyu da karfata da haƙarƙari. Wani ya aiko kai da ƙafa, wani tsoho da suka shekara uku ba sa ga-maciji da Baba ya aiko cinya da tozo, ya ce a gaya wa Hussaini ba don shi ba ne, don sana'a ne. Abin da ya sa ni hawaye, kowane kaso da ɗan yankin huhu da hantarsa a leda, don sun san dokar shagonmu. Na duba su ɗaya bayan ɗaya a gaban Mama Afiniki, na rataye. Ƙarfe uku matan zumunta suka cika robobinsu. Mama ta kama kaina da hannu biyu ta yi mini addu'a da yarensu, doguwa, ban ji ko kalma ba sai sunana. Na ce amin.

A gida kuwa wuta na tarar. Inna tana tsakar gida, ta yi jifa da ludayi.

"Kin kyauta! Kin kyauta, Zamzam! Sau nawa na ce ki kama bakinki? Ke kaɗai ce mai gaskiya a Kafanchan? Shekara ashirin da huɗu, ƙannenki na bayanki duk sun yi ɗaki, Allah ya kawo ɗan mutunci, kin sa ƙafa kin shure! Waina ta kwano nawa na sa a yi? Me zan ce wa mutane?"

Tana faɗa tana kuka, kuma ban ga laifinta ba. Ita ta sha gorin auren mahauci shekara talatin, so take 'yarta ta huta.

"Turo mini ita," in ji Baba daga ɗaki.

Yana zaune a kan buzu, audugar na idonsa, rediyo a kashe. Na durƙusa.

"Yaya huhun yake?"

Na kwatanta masa.

"Wuƙa ta yi ƙara?"

"Ta yi, Baba."

"Wa ya ci?"

"Ba kowa."

"Ko kare?"

"Ko kare."

Sai ya lalubo kaina ya dafa. "Na haifi maza biyu ina ta jiran magaji. Ashe yana nan yana ɗaura ɗankwali." Nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mini, ban san wanne ya fi yawa ba.

Asabar wayata ta cika da hotunan bikin Jacinta, tukwane jere, yara da tsoka a hannu. Oda kuwa ta yi ta shigowa daga lambobin da ban sani ba, har da wata da ta rubuto da Turancin buroka tana tambayar ko ni ce yarinyar, "Abeg na you be the girl? Daga yau wurinki zan saya." Ni saƙon mutum ɗaya nake jira. Sai la'asar ya shigo: "Baffa ya rantse ba zai taka gidanku ba, kuma ya hana duk mazan gidanmu. Ina ƙoƙari." Na rubuta "Ka yi haƙuri" na goge. Na rubuta "Ban yi nadama ba" na goge. Daga ƙarshe na tura masa, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Ya karanta bai amsa ba.

Lahadi Inna ta ce ko ba mai zuwa sai an share gida, kada maƙwabta su yi dariya. Aka shimfiɗa sabuwar darduma a zaure, aka jera lemo da ruwa, 'yan'uwan Baba uku suka zo suka zauna da manyan riguna. Ni ma na ce ba zan zauna kamar mai takaba ba. Na sa leshina ruwan zuma, na kafa ɗauri, na zizara kwalli, na feshe jikina da turare. In za a fasa aurena, a fasa ina da kyau.

Aka yi la'asar. Ƙarfe huɗu da rabi. Biyar. Wainar ta huce a kwano, baƙin zaure suka fara gyaran murya suna duba agogo. Inna ta shige ɗaki ta ja labule.

Biyar da kwata muka ji sallamar mace. Wata dattijuwa ce doguwa cikin farin hijabi har ƙasa, ita kaɗai, tana dogara lema. Inna ta leƙo, sai na ga ta dafe ƙirji. Hajiya A'i ce, mahaifiyar Jamil, wadda aka ce tun rasuwar mijinta ko biki ba ta zuwa. Ni ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Na yi wuf zan gudu ɗaki don kunya.

"Dawo. Ke ce kika binne bijimin Zubairu?"

Na durƙusa, kaina a ƙasa. "Ni ce, Hajiya."

Ta ƙi kujerar da Inna ta jawo, ta zauna a bakin tabarma kusa da ni. Baba ya fito yana lalube, aka gaisa. Sai ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, na san mace ba ta neman aure. Ba shi ya kawo ni ba. Zuwa na yi in ga yarinyar nan da idona."

Ta ɗago haɓata da yatsa. Idanunta irin na Jamil ne sak.

"Kin san me ya kashe uban Jamilu?"

"A'a, Hajiya. Bai taɓa faɗa mini ba."

"Ba zai faɗa ba, a gidanmu ba a faɗa. Tari ne. Shekara biyu ina wanke ƙyallen jini, ina ɓoyewa, ana ce wa mutane sanyi ne, don kada a ce gidan Alhaji akwai abin kunya. Da aka kai shi asibiti an makara. Ban san inda ya ɗauko ba, kuma ban ɗora wa kowa ba. Amma na san abin da rufa-rufa ta ci mini." Ta gyara hijabinta. "Shekaranjiya aka zo ana ba ni labari, wai 'yar mahauta ta ci mutuncin gidanmu. Na ce a sake faɗa mini daga farko. Da aka gama na ce, da a ce akwai mai irin bakin nan a gidana shekara goma da suka wuce, da wataƙila yau uban yaron ne zaune a zaurenku."

Inna ta toshe baki da gefen zani. Hajiya ta zare wani siririn awarwaron zinariya daga hannunta, ta kama nawa, hannun nan da ke wuni cikin nama, ta zura mini.

"Wannan na uwar mijina ne. Ba sadaki ba ne, ba kuma da izinin kowa na bayar ba. Na aika wa Zubairu cewa ina nan gidan, kuma ba zan tashi ba sai an nema wa ɗana aure. In ya ga dama ya bar matar wansa ta kwana a gidan mahauta."

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Don kunya ban so dubawa ba, Hajiya ta ce, "Duba mana, na san shi ne." Jamil ne: "Ina waje. Motar Baffa ta shigo layinku. Ban san da wacce ya zo ba."

Na karanta a fili. Inna ta fara salati. Baba kuwa ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya miƙo hannu inda yake jin numfashina.

"Zamzam, kai ni zaure."

"Malam, ita fa ake nema," in ji Inna. "Ina aka taɓa yarinya ta fita gaban masu neman aurenta?"

"Iyakarta bakin ƙofa. Amma ita ce idona, kuma ina so ya ga wanda ya riƙo ni."

A waje na ji an kashe mota, an buɗe ƙofa an rufe. Na gyara mayafina, na kama hannun Baba, awarwaron na sheƙi a tsintsiyar hannuna. Ban sunkuyar da kai ba, muka nufi zaure.